Ranar Da Kumandan Manzo Ya Koma Kujerar Baya

A wani ƙauye arewa da Belbeji aka haifi Manzo, a gidan Barmo mai jan ruwa. Aikin uban ke nan tun yana saurayi: takarkarinsa biyu, da igiya mai tsawon da sai shanun sun yi nisa da bakin rijiya kafin wasaki ya leƙo, da kuma tsayuwa tsakanin Fulani da Buzaye da ƴan gari, kowa na rantsuwa layin dabbobinsa ne. Barmo bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, amma da aka zo ɗaukar yara ya miƙa Manzo ba gardama. Ya ce igiya ta cinye tafin hannun mutum ɗaya a gidan, ta isa haka. Mahaifiyarsu ta rasu Manzo yana ƙarami, sai yayarsa Tabawa ta ɗauki girki da wanki da faɗa, ta kuma iya duka ukun.

Daga Belbeji ya wuce karatu Tanut, babban garin Damargu, daga can ya shiga lise, babbar sakandare, a Damagaram. Bai taso da mafarkin jirgin sama ba. Likitan dabbobi ya so zama, don ya sha ganin yadda saniya ke faɗuwa a bakin rijiya mai ita yana tsaye ba ya da abin yi. Wani abokinsa ne ya ja shi rakiya wajen jarrabawar sojan sama, ya ce tun da ya zo ya zauna ya rubuta. Abokin ya faɗi, Manzo ya ci. Da ya je gida da labarin, Barmo ya tambaya ko a can sama ana samun inda za a yi salla. Aka ce masa ana saukowa. Ya ce to, Allah ya tsare.

Shekaru da dama ya yi yana tuƙa jirgin soja, yana kai kaya da marasa lafiya tsakanin Yamai da garuruwan hamada. Bayan ya ajiye kaki, wani kamfanin jiragen fasinja da ke da mazauni a Kwatano ya ɗauke shi. Ya tare can da matarsa Rukaiya da ƴaƴansu, a wani gida da gishirin teku ke cin ƙyaurensa. Ya fara a kujerar dama, ta mataimaki, har ya koma ta hagu, aka fara ce masa Kumandan. A gida kuwa sunansa bai canza ba. In ya je Belbeji, Tabawa na aikensa ɗebo itace kamar yadda ta saba, shi kuma ya tashi ya je.

Zuwa gidan ne wahala. Matuƙin jirgi ba shi ke da kwanakinsa ba. Ofis ke fitar da tsarin aikin wata, wanda su suke kira planin, mutum ya duba ya ga yau yana Duwala, jibi yana Bamako, ranar Salla yana wani otal a garin da bai san kowa ba. Sunan ƴarsa ta fari ta waya ya ji shi. Bikin ƙaninsa ya iso an riga an kwashe tabarmi.

A kamfanin akwai ɗan ƙasarsu guda, Kumandan Rissa, Ba'abzine daga wajen Ingal, dogo, mai son dariya, wanda ba ya rabuwa da ƴar butar shayi ko a ɗakin hutun ma'aikata. Su biyu ba su taɓa yarda da juna a kan maganar mai ba. Kamfani na yawan roƙon matuƙa su yi tattalin kananzir: su bi hanyar fita da inji ɗaya, kada su loda man da ya wuce buƙata, don nauyin man ma mai yake ci. Manzo na bin wannan sau da ƙafa. Yakan ɗauki abin da doka ta ce, ya ɗan ƙara kaɗan, shi ke nan. Rissa kuwa kullum sai ya ƙara da yawa.

"Kai ɗan Damargu, rowa ce ke damunka," in ji Rissa wata rana yana zuba shayi daga sama. "Kun saba auna gero da tiya, shi ya sa kake auna mai kamar na gidanku ne."

"Ba rowa ba ce," Manzo ya ce. "Jirgi mai nauyi ya fi sha. Kana ɗaukar mai don ka ƙona shi wajen ɗaukar mai."

"Ni dai in hadari ya tare ni a sama, na fi so in yi ta kewaya ina waƙa, da in riƙa kallon allurar mai ina salati."

"Salatin ai ya fi waƙar taka amfani."

Aka yi dariya. Daga nan hira ta koma inda take komawa kullum, kan planin: wa aka ba asubahi uku a jere, wa aka hana hutun da ya nema tun bara.

A cikin waɗannan shekaru ne idon Barmo ya fara rufewa. Yana ta sauka masa a hankali, ido ɗaya sannan ɗayan, har ya kai ba ya gane mutum sai ta murya. Ya bar rijiya, ya koma zaman zaure. Manzo ya yi ta fama a kai shi a yi masa aiki, tsohon ya ƙi. Mutumin da ya sha sauka cikin rijiya da igiya a ƙugu don ciro tunkiyar wani, shi ne ya ce ba mai kusantar idonsa da ƙarfe.

Wata damina Tabawa ta kira. Ta ce likitocin ido sun zo Damagaram, za su yi ƴan kwanaki su wuce, kuma Baba ya yarda.

"Ya yarda? Me kika yi masa, Yaya?"

"Na daina lallashi, na yi faɗa. Amma da sharaɗi. Ya ce sai kana tsaye. Ya ce kai ne ka saba da injuna, in ka ga abin ba daidai ba ka ce su tsaya. Na karɓar masa ranar ƙarshe, Alhamis. Manzo, in ba ka zo ba, wallahi zai ce a mai da shi gida, ka san halinsa."

Manzo ya je ofis ya roƙa, ya yi musanye da wannan, ya ɗauki aikin wancan, har aka shirya masa. Ranar Talata zai yi zirga-zirgarsa tun safe, tafiyar ƙarshe ta kai shi Yamai da yamma, wasu su dawo da jirgin. Laraba ya shiga ƙaramin jirgin Damagaram, wanda ba kullum yake tashi ba. In ya rasa na Larabar, babu wani sai bayan likitocin sun tafi.

Talatar ta fara lafiya. Shi da mataimakinsa Isma'ila, mutumin Sanagal mai ƙarancin magana, suka je Libarbil suka dawo. Bayan azahar aka cika jirgin da fasinjan Yamai: ƴan kasuwa, ɗalibai, mata da jarirai, da wasu tsofaffi da suka dawo daga neman magani. Manzo ya duba labarin yanayi, ya ga akwai hadari amma yana can nesa kan teku, ya ɗauki mai irin yadda ya saba. Aka rufe ƙofa, aka turo su baya, suka bi layi a bayan wasu jirage.

Hadarin bai tsaya inda aka ce zai tsaya ba. Kafin layi ya zo kansu gari ya yi baƙi, hasumiya ta ce kowa ya tsaya inda yake. Ruwa ya kece irin na bakin teku, wanda ba ka ganin fiffiken jirginka. Manzo ya kashe manyan injuna, ya bar ƙaramin da ke wutsiya, wanda ke ba da wuta da sanyi.

Aka zauna. Ruwa ya ɗan lafa, ya sake dawowa. Hasumiya ta ce titin tashi ya cika da ruwa, sai an duba shi. Isma'ila ya ƙura wa ma'aunin mai ido, sannan ya ce a hankali, "Kumandan, in muka kashe ƙaramin injin yanzu, man zai iya kai mu ba sai mun koma ba. In muka bar shi, za mu koma shan mai. In kuma muka koma, lokacinmu zai ƙare."

Manzo ya san haka tun kafin a faɗa. Doka ta ƙayyade wa matuƙi iyakar awoyin da zai yi a bakin aiki, don gajiyayye ba ya tuƙa mutane. Su kuwa tun asuba suke. Ya kira shugabar ma'aikatan cikin jirgi, Madam Fatima, ya tambaye ta yaya baya.

"Da sanyin ma ana fifita da takarda," ta ce. "Akwai wata tsohuwa da numfashinta bai yi mini ba. Jarirai sun fara kuka."

Ya ajiye wayar. Jirgi a rufe, cike da mutane, a zafin Kwatano, in aka kashe sanyi kafin a jima ya zama tanda. Ya tuna Tabawa, ya tuna tsohon da zai zauna a kan benci yana sauraron kowace murya ko tasa ce. Bai daɗe yana tunanin ba.

"Bar shi ya yi ta aiki," ya ce da Isma'ila. "A ba kowa ruwa."

Ya ɗauki makirfo ya yi wa fasinja bayani da Faransanci. Da ya gama sai ya ƙara da Hausa, abin da ba ya cikin ƙa'ida amma yakan yi a hanyar Yamai: "Jama'a, ku yi haƙuri. Ruwa ne ya tare mu. Ba za mu tashi ba sai hanya ta yi kyau. Wanda ya ji ba daidai ba ya ɗaga hannu, kada ya ji kunya."

La'asar ta wuce kafin a buɗe titin. A lokacin man ya riga ya sauka ƙasa da abin da zai yarda ya tashi da shi. Ya nemi izinin komawa. Suna tsayawa ofis ya kira: akwai mataimaki na ko-ta-kwana, amma kumandan na ko-ta-kwana an riga an tura shi wata tafiya. Ga alama sai a sauke mutane, a kai su otal, a tashi gobe da rana. Gobe da rana kuwa jirgin Damagaram ya daɗe da tafiya.

Manzo ya ce to. Ya zauna yana kallon motar mai tana tahowa cikin ruwa. Bai kira Tabawa ba tukuna, yana neman kalmomin da zai fara da su. Sai salularsa ta yi ƙara. Rissa ne, wanda ke hutu a ranar.

"Ɗan Damargu, na ji a rukuninmu na waya an ce tiyarka ta gaza."

"Ta gaza, Rissa. Yau ka ci gardama."

"Bar gardama. Ba jibi ne aikin idon tsoho ba?"

"Jibi ne."

"Na gaya wa ofis ina zuwa. Na yi barcina ya ishe ni, hutuna ya cika a doka. Ka ce su zuba mai, su zuba irin nawa."

"Rissa, yau ne fa kaɗai kake da shi da yara a makon nan."

"Yaran sun gaji da ni tun safe. Kashe wayar, mota ba za ta fita unguwarmu ba, sai na nemi kabu-kabu."

Haka kuwa aka yi. Ya iso a bayan babur, wando naɗe har gwiwa, kayan aikinsa a cikin leda a kan kai. Ya canza a ɗakin ma'aikata, ya hau jirgi gashinsa na ɗiga. Manzo ya tashi daga kujerar hagu ya ba shi, ya yi masa bayanin jirgin kamar yadda aka saba. Da ya zo yin godiya, Rissa ya ɗaga hannu.

"Je ka zauna baya. Ka ga yadda ake tuƙi."

Manzo ya cire alamun kafaɗarsa, ya ɗora wata tsohuwar riga a kan farar, Madam Fatima ta kai shi kujerar da ta rage, can kusa da wutsiya. Maƙwabcinsa wani dattijo ne mai jiki, da carbi a hannu da ledar kilishi a cinya. Suka gaisa. Ya ce sunansa Alhaji Attahir, yana kawo shanu kudu, yana komawa da atamfa.

"Kai yanzu ka shigo, ka huta," in ji Alhajin. "Mu tun azahar muke nan kamar kaji a akurki. Direban nan namu ne fa, na ji Hausarsa, ta wajenmu ce sak. Amma matsoraci ne. Ruwa kawai! Mu da muke roƙon ruwa."

"Wataƙila yana da dalili, Alhaji."

"Dalilin me? An ce ma ya gaji, an kawo wani. Mutum yana zaune a kujera ya gaji! Abu ɗaya na yaba masa, bai kashe mana sanyi ba. Na taɓa zama a wani jirgi aka kashe, har wata mata ta suma."

Jirgi ya tashi, ya huda gajimare, hasken yamma ya shigo ta taga. Alhaji ya buɗe kilishi ya miƙa masa, ya tambaye shi mutumin ina ne. Manzo ya ce Belbeji. Alhaji ya gyara zama, ya ce shi na Falanko ne, amma ba rijiyar da bai shayar da shanu ba daga Tarka har iyakar Abzin. Ɗan wa ne a Belbeji?

"Ɗan Barmo mai jan ruwa."

"Barmo! Mai jan sa da ƙaho ɗaya? Yana da rai? Allahu akbar. Wata shekara na iso rijiyarsa da shanu sun kwana biyu ba ruwa, ya roƙi masu layi suka bar ni na fara. Ai an ce ɗansa ɗaya yana tuƙa..." Ya tsaya. Ya dubi farar rigar da ke leƙowa ta wuya. Ya dubi kilishin da ke hannun Manzo.

"Ni ne matsoracin, Alhaji."

Alhaji Attahir ya rufe baki da hannu, sannan dariya ta ƙwace masa har na gaba suka waiwayo. Ya ce a yafe masa, bakin ɗan kasuwa ne. Manzo ya ce ba komai, ya bayyana masa dokar awoyi, ya kuma gaya masa abin da ke kai shi gida.

Nan Alhajin ya daina dariya. Ya ja fatar ƙasan idonsa na dama da yatsa. "Ka ga wannan? Bara waccan aka yi mini. Ni ma sai da aka yi kamar za a ɗaure ni. Ba a jin komai, cire ƙaya ya fi shi zafi. Kawo wayarka."

Ya karɓa ya naɗi saƙon murya a ciki, yana magana da ƙarfi, kamar Barmon na can ƙarshen jirgi: ya faɗi sunansa da na ubansa, ya tuna masa shekarar shanun, ya ce shi ma an yi masa, yanzu har zare yake sa wa allura. "Malam Barmo, ka kwanta kawai ka yi ta salati. In ka ji zafi, ka aiko a kama ni a kasuwar Tanut."

Suka sauka Yamai bayan magariba. Rissa ya leƙo daga gaba ya ce, "Ka ji saukar? Ko ƙwai ba zai fashe ba." Manzo ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka. Rissa ya ce ya gai da tsoho, ya juya, don akwai fasinjan komawa suna jira.

Laraba da rana Manzo ya iske su a gidan wani ɗan'uwa a Damagaram. Barmo ya shafa fuskarsa da kansa, ya ce ya rame. Da dare ya fara kawo dalilai: damina ce, ba a taɓa ido da damina, a bari sai kaka. Tabawa ta buɗe baki, Manzo ya yi mata alama, ya kunna saƙon Alhaji Attahir. Tsohon ya saurara, ya ce a sake. Aka sake.

"Attahir na Falanko," ya ce. "Yaron da ke gudun kaska. In shi ya iya, to."

Ranar Alhamis ba a bar Manzo ya shiga ɗakin aikin ba, amma ya raka shi har ƙofa, ya ce yana nan tsaye, in ya kira zai ji. Bai kira ba. Washegari aka cire bandejin a farfajiyar asibiti, cikin layin tsofaffi. Barmo ya ƙifta, hawaye na zuba, ya dubi Tabawa ya daɗe. Ya ce ta koma kamar uwarta. Tabawa, wadda ba a taɓa gani tana kuka a gaban mutane ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sannan ya juyo kan Manzo.

"Yaushe ka yi furfura?"

"Ta daɗe, Baba."

"Ba wanda ya gaya mini."

Da Manzo ya ba shi labarin Talata, Barmo ya ce a kira masa mutumin babur ɗin. Aka same shi ta bidiyo yana wani otal a Bamako da butar shayinsa. Barmo ya riƙe wayar nesa, ya matso da ita, ya gaishe shi da ɗan Buzancin da ya koya a bakin rijiya, ya yi masa addu'a doguwa, shi da iyayensa da ƴaƴansa. Rissa ya cire hularsa yana amin, wannan karon ba wasa a bakinsa.

Likita ya ce ɗayan idon sai wani zuwan. Suka ɗauki hanyar Tanut a motar haya, Barmo a gaba da baƙin tabarau da aka ba shi. An ce kada ya yawaita kallon haske, amma bai ɗauke kai daga taga ba. Gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Yana ta tambaya: wannan ginin na mene ne, yaushe aka kafa waɗannan dogayen ƙarafan waya, ina gawon da ke nan. Da suka bar kwalta suka nufi Belbeji ya fara gane gonaki, yana kiran masu su da suna, wasu sun rasu tun tuni Tabawa na gaya masa wanda ya gada.

Kusa da gari ya ce direba ya rage gudu. Ya leƙa wata gona da ciyawa ta kusa rufe shukarta, ya tambaya ta wa ce.

Tabawa ta ce, "Tamu ce, Baba."

Barmo ya girgiza kai. Ya waiwayo ya dubi ɗansa a kujerar baya, ya tambaye shi hutun nasa har yaushe ne. Manzo ya ce har Litinin.

"To, gobe da safe ka nemo hauya."